Daɓen bayan ɗakinmu da ya nutse, da yadda muka ɗago shi

Akwai wani daɓen kankare da ya zagaye gidanmu, faɗinsa bai wuce mita 1 ba, irin wanda ake zubawa a jikin bango dan kar ruwa ya riƙa cin gindin gini, kuma ta kansa muke bi in za mu wajen shanya. Gida-gida aka zuba shi, kowane yanki tsawonsa kamar mita ɗaya da rabi, da tsaga a tsakaninsu. To yanki biyu na bayan ɗakin kusurwa su ne suka fara yin ƙasa, a hankali a hankali dai, da farko ma sai ka tsuguna kake gani, har ta kai bakin ɗaya ya zauna ƙasa da na kusa da shi da kusan yatsa uku. Kullum ina wucewa ina cewa zan duba, ban duba ba, sai ranar da Umma ta zo kwana biyu wajenmu ta fito da asuba ƙafarta ta daki bakin nan ta tafi gaba ɗaya. Allah Ya sa ta dafe bango, fatar gwiwar hannunta ce kawai ta saɓule, amma wallahi ranar jikina ya yi sanyi, dan mutum mai shekarunta in ya faɗi a kan kankare ba ƙaramin abu bane, ƙugu na iya karyewa. Tace min, "Ba komai, amma ka gyara wajen nan kafin ya kayar da yaran nan." Tun daga nan maganar ta zauna min a rai.

Abin da na fara yi shine abin da kusan kowa ke yi, na sa aka kwaɓa siminti da yashi aka cike saman har ya daidaita da na kusa da shi, aka shafe shi sumul, ya yi kyau kam a ido. Bai yi wata 6 ba ya fara tsagewa daga gefe inda ya fi siriri, yana ɓanɓarewa kamar ɓawo, na sake sawa aka yi na biyu mai kauri, shi kuma bai ɓanɓare ba amma wajen ya ci gaba da nutsewa da shi gaba ɗaya, kuma abin da ya fi tayar min da hankali yanzu daɓen ya karkata ne zuwa jikin bango, in an yi ruwa sai ya kwanta a nan ya kwana, fentin cikin ɗakin daga ƙasa ya fara kumbura yana wannan farin gishirin da danshi ke fitarwa.

Daga nan ne na nemo wani dattijon magini da ya daɗe a harkar. Da ya zo bai ko kalli facin da muka yi ba, ya ce a ba shi guntun rodi, ya fara bin daɓen yana ƙwanƙwasawa tun daga inda yake lafiya. A can ƙarar gajeriya ce, kamar ka buga dutse, amma yana zuwa kan yankin nan biyu sai ƙarar ta canza ta koma kamar ana buga ganga, har ni da ban san aikin ba na ji bambancin. Ya tsuguna a bakin waje ya kawar da ƙasa da hannu kaɗan, ya zura rodin a ƙarƙashi, sai ga shi ta shige fiye da rabin mita ba abin da ya tare ta. Ya ɗago yace, "Ɗana, leƙa ka gani." Na kwanta na haska da fitilar waya, rami ne a ƙarƙashi, kankaren yana rataye ne kawai a kan gefensa biyu, tsakiya iska ce, ga alamar hanyar da ruwa ya bi a ƙasan, ta yi sumul kamar an share. Nace, "Baba, to ƙasar ina ta tafi?" Bai ce komai ba ya nuna min bututun da ke sauko da ruwan rufi, wanda bakinsa ke zuba daidai kan tsagar da ke tsakanin yankin biyu.

Daga baya na zauna na yi lissafin ruwan nan dan abin ya ba ni mamaki. Ruwan sama na milimita 1 in ya sauka a kan murabba'in mita 1, lita 1 kenan cif. Ɓangaren rufin da ke tara wa wannan bututun ruwa ya kai murabba'in mita 50, kaga in aka yi ruwa mai ɗan ƙarfi na milimita 20, lita 1,000 ce ke saukowa ta wannan baki guda ɗaya, kuma duk a kan tsaga ɗaya take zuba, shekara da shekaru. Kowane ruwa ya ɗebi ƙasa kaɗan ya tafi da ita. Ga shi ƙasar da ke jikin bango dama ba asalin ƙasar wajen bace, lokacin da aka haƙa ramin fandesho aka gama gini, ciko aka mayar aka tura da shebur, kuma sau da yawa ba a tsayawa a daddaɓe ta yadda ya kamata, to irin wannan cikon ko ruwa bai kwashe shi ba da kansa yake zama yana raguwa tsawon shekaru. Shi kuma kankare nauyi ne da shi na gaske, kubik mita ɗaya yana kai kilo 2,400, wato daɓe mai kaurin santimita 10 kowane murabba'in mita nasa kilo 240 ne, yanki ɗaya na namu wajen kilo 360 kenan. Ni kuma da na ƙara masa siminti a sama har sau biyu, kaya na ƙara wa abin da dama ba shi da wajen zama.

Baba ya lissafo min wasu abubuwan da ya sha gani suna jawo haka ban da ruwan rufi. Fayif ɗin ruwa ko na banɗaki da ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa ba wanda ya sani, wannan yace shi ya fi sharri dan ba ya jiran damina, dare da rana yake aiki. Akwai ƙasa mai yumɓu da ke kumbura in ta sha ruwa ta kuma tsuke ta tsage in ta bushe, daɓen da ke kanta sai ya yi ta hawa da sauka har ya gaji ya karye. Akwai saiwar bishiya, in tana raye ta ɗaga daɓen ko ta tsotse danshin yumɓun ya tsuke, in an sare bishiyar kuma saiwar ta ruɓe a ƙasa ta bar rami a madadinta. Sai ɓeraye da tururuwa da gara masu fitar da ƙasa kaɗan-kaɗan. Da kuma daɓen da aka zuba dan tafiyar ƙafa sai a wayi gari ana faka mota ko an ɗora tankin ruwa a kai. Kowanne maganinsa daban, shi ya sa yace shi ba ya taɓa siminti sai ya san me ya kwashe ƙasar.

Dan haka ranar farko ba mu taɓa daɓen ba sam. Bututun muka fara yi wa aiki, aka sa masa gwiwa aka ƙara tsawonsa ya tsallake daɓen ya kai ruwan kusan mita 2 nesa da bango zuwa magudana, sannan muka rufe duk famfunan gida muka duba ko akwai alamar yoyo, aka kuma zuba ruwa da yawa a banɗakin da ke kusa muna leƙen ramin ko zai jiƙe, bai jiƙe ba, alhamdulillah. Baba ya kuma shiga cikin ɗakin ya duba bango da kyau, ya buɗe ƙofa da taga ya rufe ya ga ko suna cijewa. Yace min in da ya ga tsaga a bango mai tafiya a karkace kamar matakala tana bin layin bulo, ko ƙofa ta daina rufuwa, to da ba zai sa hannu ba, injiniya zai ce in kira, dan wannan alama ce fandeshon kansa ke motsi, kuma wannan ya wuce maganar daɓe. Wannan maganar ina so duk mai karantawa ya riƙe ta, dan akwai inda dabarar gida ke tsayawa.

Kafin mu yanke shawara na ɗan bincika hanyoyin da ake bi a ɗago kankare ba tare da an fasa ba, kuma gaskiya abin ya burge ni. Tsohuwar hanyar, wadda tun shekarun 1930 ake amfani da ita a Amurka wajen ɗago titunan kankare, ita ce a huda daɓen a wurare da dama, huda mai faɗin santimita 3 zuwa 5, sai a kawo inji ya tura kwaɓin ƙasa da yashi da siminti mai ruwa-ruwa ta cikin hudojin da ƙarfi, kwaɓin ya fara cike ramin tukuna, in ya cika bai da wajen zuwa sai ya fara tura daɓen sama, ana yi ana duba lebul ana canza huda har ya daidaita, sannan a toshe hudojin. Aibinsa shine kwaɓin kansa nauyi ne da shi, in ƙasar ƙarƙashi mai rauni ce yana iya sake zama. Sabuwar hanyar kuma kumfa ce ta sinadarin foliyuretan, ruwa iri biyu ne ke haɗuwa a bakin bindigar injin, ana tura su ta ƴar huda da ba ta kai santimita 2 ba, suna shiga sai su kumbura su bi duk wani lungu su cike, cikin kamar minti 15 ta daskare har a taka, ba ta da nauyi kuma ruwa ba ya wanke ta. Amma aiki ne na masu inji da suka ƙware, dan in aka tura fiye da kima daɓen ya wuce inda ake so ba a iya mayar da shi ƙasa. Kuma kar wani ya ɗauka kumfar gwangwanin nan ce da ake toshe gefen taga da ita, wannan ba dan ɗaga kankare aka yi ta ba. Ga babban fili kamar wajen faka mota ko baranda mai faɗi da ba a iya shiga ta gefe, waɗannan hanyoyin su ne suka dace. Namu kuwa ƙananan yanki ne guda biyu, gefensu a buɗe, Baba yace da jak ɗin mota za mu ɗago su.

Washegari da safe aka fara da sassare facin da muka yi a sama, da guduma da kurfi, ya fita ɓangare-ɓangare cikin sauƙi dan dama bai kama tsohon sosai ba. Aka share tsagar da ke tsakanin yankin da ta jikin bango aka fitar da duk ƙasa da tsakuwar da suka cushe, dan in ba haka ba wajen ɗagawa sai ya cije ya ɓalle baki. Baba ya buga ƙusa biyu ya ja igiya daga yanki mai lafiya na dama zuwa mai lafiya na hagu, igiyar nan ita ce ma'auninmu. Sai aka haƙa rami biyu a gefen waje, kowanne daidai yadda jak zai shiga ƙarƙashin bakin daɓen, aka shimfiɗa katako mai kauri a ƙasan ramin dan kar jak ɗin ya nutse, aka kuma sa wani ƙarfe mai faɗi tsakanin kan jak da kankaren dan nauyin ya bazu, yace in kan jak ɗin ya taɓa kankare kai tsaye zai iya fasa wajen.

Nan ne na ga haƙuri. Ni ina kan jak ɗaya, yaronsa yana kan ɗaya, shi yana tsugune idonsa a kan igiya. "Ɗaya-ɗaya," yake cewa, in na danna sau ɗaya yaron ya danna sau ɗaya sai mu tsaya. Da farko ba abin da ya motsa sai katakon ƙasa da ke ƙara yana zama, can sai muka ji wani ƙas, ƙura ta ɗan tashi daga tsagar jikin bango, yankin ya saki. Zuciyata ta buga na ɗauka ya karye ne, yace a'a rabuwa ya yi da bango, mu ci gaba. Duk santimita ɗaya da ya tashi sai ya tura guntun bulo da katako a ƙarƙashi da sanda, kuma ya gargaɗe mu da kakkausar murya, ba wanda zai zura hannu ƙarƙashin kankaren nan ko da na ƙiftawar ido ne, jak yana iya zamewa, kilo 360 kuma ba ya jiran ka janye. Gefen bango da jak ba ya kaiwa, doguwar rodi mai kauri aka zura aka yi masa ɗauki da ita a kan dutse. Mun fi awa ɗaya a kan yanki guda. Kuma bai tsaya daidai igiya ba ta ɓangaren bango, sai da ya ɗaga can ɗin ya fi na waje da santimita 2, ya ɗora lebul ya nuna min ƴar kumfar iskar da ke cikin lebul ɗin ta ɗan gusa, yace ƙa'idar kenan, kowace mita ɗaya a samu gangaren santimita 2 zuwa waje, ruwa ya bar gini.

Cike ramin shi ya fi cin lokaci. Can ciki aka fara tura tsakuwa ƙanana da yashi mai ɗan danshi, ana turawa da katako ana dakawa da rodi kaɗan-kaɗan, ba a zuba da yawa lokaci ɗaya, sai wanda aka sa ya ƙi shiga sannan a ƙara. Da ya rage ɗan sarari tsakanin cikon da cikin kankaren sai aka kwaɓa siminti da yashi mai ruwa-ruwa, aka huda daɓen wuri biyu daga sama, bayan mun tabbatar ba fayif ba waya a ƙarƙashin wajen, aka riƙa ɗurawa da mazurari ana buga gefen daɓen da guduma ta roba har kwaɓin ya fara fitowa ta gefe. Yaron ya sa safar hannu ta roba da takunkumi, kuma wannan ba ƙawa bace, ɗanyen siminti yana cin fata har ya yi ƙuna in ya daɗe a jiki, ƙurar kankare kuma in ana hudawa tana da illa ga huhu, shi ya sa ake yayyafa ruwa a wajen hudar. Jak ɗin ba mu cire ba sai bayan kwana 2, sannan aka cike ramukansu aka daddaɓe. Baba ya sake ɗaukar rodinsa ya bi ya ƙwanƙwasa, ƙarar gangar nan ta tafi.

Tsagar tsakani da ta jikin bango ya hana a cike su da siminti, yace kankare yana ɗan motsi da zafi da sanyi, siminti zai tsage ruwa ya sake samun ƙofa. Wata igiyar soso aka cusa a ciki sannan aka bi samanta da gam ɗin toshe tsaga mai laushi wanda ke miƙewa ya dawo.

Akwai yanki na uku can gaba kusa da ƙofar baya, shi kam bai ɗagu ba, dan ya riga ya rabu gida huɗu kuma da muka duba bakinsa kaurinsa bai fi santimita 5 ba, yana ta marmashewa. Irin wannan ɓata lokaci ne a ce za a ɗago shi, fasa shi aka yi. Kuma a nan na ga yadda ya kamata a ce an yi tun farko. Aka kwashe ƙasar da ta yi laushi har aka kai mai tauri, aka riƙa mayar da ciko hawa-hawa, kowane hawa bai wuce santimita 10 zuwa 15 ba, a yayyafa ruwa ta yi danshi ba ta yi caɓi ba, a daddaɓe har sai ka taka sawunka bai fito ba sannan a ƙara wani hawan. A sama aka shimfiɗa tsakuwa santimita 10 ita ma aka daddaɓe, sannan aka kafa katako aka zuba kankare mai kaurin santimita 10, kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Yaron ya so ya ƙara ruwa dan kwaɓin ya yi saurin bazuwa, Baba ya hana shi, ruwa in ya yi yawa aikin ya yi sauƙi amma kankaren ya fito da rauni ya kuma yi ta tsagewa. Ya ce min in doguwar shimfiɗa ce ake yi, duk mita biyu da rabi zuwa 3 a ja mata tsaga da gangan, zurfinta kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, dan kankare dole ya tsage wajen bushewa, gara ka nuna masa inda zai tsage. Muka rufe shi da buhu muna jiƙawa safe da yamma har kwana 7, bayan kwana 2 dai an fara takawa, amma cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28, dan haka na hana a ɗora masa wani abu mai nauyi kafin nan.

Abin da ya ci min rai a duk lamarin nan shine bangon ɗakin, danshin da ya sha sai da ya ɗauki watanni kafin ya bushe, ba mu yi gaggawar sake fenti ba, aka kankare wanda ya kumbura aka bar shi ya sha iska. Ranar da muka gama na ja layi da fensir a jikin bango daidai saman kowane yanki na rubuta kwanan wata, dan in ya sake motsi in gani da wuri. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi bayan nan da lema na fita na tsaya a kusurwar ina kallo, ruwan rufin yana fita can ta sabon bakin bututun, wanda ya sauka a kan daɓen kuma yana gangarewa waje, jikin bangon ba ko ɗigon da ya kwanta. Damina biyu kenan yanzu layin fensir ɗin yana nan daidai da bakin kankaren. Satin da ya wuce na ɗauki guntun rodin da Baba ya bar min na zagaya sauran gidan ina ƙwanƙwasawa, ko'ina lafiya sai wani yanki a gindin tankin ruwa da ya ɗan ba ni wannan ƙarar, na duba na ga bakin famfon tankin yana ɗiga a hankali, gobe mai gyaran famfo zai zo, in wajen ya bushe sai in kira Baba mu leƙa ƙarƙashinsa.